Dalilin da Ya Sa Ake Ce Mani Hagu-biyu

Samaru, Zariya.

Zuwa ga Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da 'yan ɗakinku da malamanku baki ɗaya. Allah Ya tsare mani ke a inda idona ba ya kaiwa. Ya raba ki da zazzaɓin baƙunta, da zafin Sakkwato, da sharrin duk mai sharri. Mu nan ƙalau muke, in aka cire kewa. Labarin gida ba shi ya sa na ɗauki biro ba, wannan ki jira Mamanki, ta fi ni iya sa mashi gishiri. In kuma kin ga rubutun yana hawa yana gangara, ki tuna ke kika koya mani boko a kan teburin yanka, saboda haka duk kuskuren da ke ciki na malamar ne.

Ranar da kika bugo waya shagon Sunday mai kemis, riga na bari a bakin keken ɗinki da allura a cikinta, na fita ko takalmi babu. Na ce, "Uwata, yaya makaranta?" Kika ce, "Lafiya lau, Baba." Na ce karatun fa? Kika ce, "Babu abin da ke mani wuya." Na ce abinci fa, da wurin kwana? Kika ce komai daidai, mai waya na jira, sai an jima. Na koma shago ina washe baki, duk wanda ya shigo sai na gaya mashi 'yata na can tana koyon aikin ungozoma, kuma babu abin da ke mata wuya.

Da na isa gida na maimaita ma Mamanki. Tana kwashe tuwo, ta tsaya da mara a hannu.

"Haka ta ce da bakinta?"

"Haka ta ce."

"To kuka ta gama kafin ta kira ka."

Na ce, "Ke da ba ki ji muryar ba?"

Ta ce, "Sai na ji? Yarinyar da ba ta taɓa kwana a wani gari ba, an kai ta inda mata ke naƙuda, ta ce babu abin da ke mata wuya? Kai ma in ka gama murnar ka tuna yadda muryar take, za ka ji."

Na zauna na tuna. Hancinki a toshe yake, Ummi. Ni kuwa na ɗauka waya ce.

Tun ranar abu ɗaya ke cina a rai. Ba wai kada abu ya yi maki wuya ba, dole ya yi, ba wasa aka tura ki ba. Tsorona shi ne abu ya fi ƙarfinki a can, ki rasa wanda za ki buɗe baki ki ce ma "na kasa", ki haɗiye, ki ce komai daidai, har ga ni. Kuma na san abin da ya sa ba za ki faɗa mani ba. Ni na jawo.

Kin tuna safiyar nan, ana gab da tafiyarki, da kika zo share shago. Kin ɗauka ban iso ba. Kika jingine tsintsiya, kika tsaya gaban dogon madubin da masu ɗinki ke duba kansu, kina faɗin kalmomin nan na littafin da Anti Rahila ta ba ki lokacin da ta gama jami'a ta tashi daga ɗakin hayarmu. Da Turanci kike yi, amma shekarun da na yi ina auna ɗalibai sun sa ina tsintar kaɗan-kaɗan: ni mai nasara ce, ni ce a gaba, babu abin da zai gagare ni. Ni kuwa ina bayan labulen gwaji ina neman allin da ya faɗi. Shaiɗan ya ce yi, na toshe hanci na yi muryar tsohuwa na ce, "Har da tuwo ba gudaji?"

Na jira dariya. Na jira ki jefo mani tsintsiya yadda kika saba. Sai kawai kika ɗauki gyalenki kika fita. Ranar tafiya a tashar mota ta Kwangila kuma, na shirya jin abin da kike ce mani ko kasuwa za ki, tunda kin ci sunan Inna mahaifiyata kin mai da ni ɗanki: "Yarona, ban da rigima kafin in dawo." Sai kika durƙusa har ƙasa kika ce, "Baba, a yi mani addu'a," kamar kina sallama da limamin unguwa. Mota ta tashi ina tsaye da ledar raken da na saya maki, ban miƙa ba.

Ki yi haƙuri, uwata. Bakina ba ya iya fitar da magana mai nauyi sai ya naɗe ta da wasa, shi ya sa na koma takarda, ita ba ta da labulen da zan ɓuya. Ba raina ki na yi ba ranar. Gabana ne ya faɗi, don na san muryar nan da kike yi ma madubi. Na taɓa yin irinta, kuma na san inda ta kai ni.

Kin sha tambayata me ya sa mutanen Sabon Gari ke ce mani Hagu-biyu. Na ce maki a ƙwallo na samo sunan. Wata rana na ce a dambe ne. Akwai ranar da na ce maki haka aka haife ni, likita ne ya juya ɗayan, kika wuni kina leƙen hannuna. Yau ga ta gaskiya.

Da na sauke Alƙur'ani, kakanki ya kai ni Sabon Gari wurin Oga Fidelis in koyi ɗinki. Ibo ne, amma a Sabon Gari aka yanke mashi cibiya, in yana Hausa a bayan ƙofa sai ki rantse Bazazzagi ne. Kwat yake ɗinkawa, da wando da riga irin ta ma'aikata. Ma'aikatan jirgin ƙasa, malaman makaranta, masu zuwa coci ranar Lahadi, duk wurinsa suke. Ƙa'idarsa ɗaya: yaro ba ya sa almakashi a yadi sai ya ƙoshi da takarda. Buhunan siminti muke tsintowa a wuraren gini, mu kakkaɓe, mu ware su falle-falle, mu bi su da dutsen guga. A kansu muke zana gaba da baya da hannu, mu yanka, mu ɗinka. Na ɗinka kwat ɗin takarda da zai ishi coci guda sawa.

Ni kuwa ga ƙuruciya ga rawar kai. Ni ne mai ɗinke ƙafar wandon abokin aiki yana barcin rana, ni ne mai sa ƙadangare a akwatin zare. Kuma na gaji da takarda. Sai na tsara ma kaina kirari, irin na mahauta da 'yan dambe da nake ji a kasuwa. Kullum da safe in na maƙale a ƙofar bas daga Samaru, ina yi a zuci har mu shiga Sabon Gari: Tanimu na Samaru, almakashi ci yadi! Mai aunawa sau biyu tsoro yake ji! Hannu ya riga ya sani, Oga ne bai sani ba!

Ba zan yi maki ƙarya ba, abin na da daɗi. Ƙirji ya buɗe, tafiya ta canza. Kuma ya yi mani rana a wasu wurare. Da shi na iya tsayawa gaban manyan mutane in sa masu tef a ƙirji. Daga baya ma da shi na taka har zauren gidan su Mamanki na yi sallama, alhali ƙafata na cewa mu koma. Saboda haka ban ce abin banza ba ne. Yana kai mutum bakin ƙofa. Abin da ban sani ba a lokacin, nan yake tsayawa, ba ya shiga ciki.

Wata rana Oga ya tafi garinsu jana'iza, ya bar mu da gyare-gyare, ya ce duk wanda ya kawo sabon ɗinki a karɓa a ajiye. Sai ga Malam Yohanna, malamin firamare ne, mutumin Wusasa, da yadi ƙunshe a jarida. Aurensa ya matso, a coci za a ɗaura. Yayansa ne ya aiko mashi da yadin daga Legas, ruwan toka mai siririn zane, gabansa na sheƙi, bayansa dishi-dishi. Da ya ji Oga ba ya nan ya dafe kai, don kafin ya dawo lokaci ya ƙure.

Na ce, "Malam, kawo."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai yaro, ka iya kwat kuwa?"

Na ce, "Ni? Ko ido rufe."

Ummi, nan nake so ki tsaya. A yadda na ji a raina, ban yi ma mutumin nan ƙarya ba. Na daɗe ina gaya ma kaina na iya har maganar ta zauna daram, da ya tambaya ita ta fito. Da da gangan na yi ƙaryar, da gabana ya faɗi, da na yi hattara, da na lallaɓa da yadin wurin wani tsohon tela a layinmu ya duba mani. Amma wanda ya gama yarda cewa ya iya, me zai tambaya?

Ana ninka yadi ne gaba na kallon gaba, a ɗora zane a yanka sau ɗaya, sai a sami dama da hagu. Oga ya faɗa, na ji, amma ban taɓa sanin dalili ba, don takardar siminti ba ta da gaba ba ta da baya. In ka yanka hagu biyu sai ka juya ɗaya ya zama dama, babu wanda ya sani, kai ma ba ka san ka yi kuskure ba. Ni kuwa don in nuna ma sauran yara gwaninta, na shimfiɗa yadin falle ɗaya a tebur, wai zan rage ɓarna. Na ɗora zane na yanka, na matsar da shi na sake yankawa, ina kirari a zuci, almakashi na tafiya ƙaras-ƙaras. Sai da na zo haɗawa. Gaban kwat na hagu, biyu. Hannu na hagu, biyu. Na juya ɗaya yadda na saba, sai ga bayan yadi yana kallona, dishi-dishi.

Babu layin da ban shiga ba a kasuwar Sabon Gari da ƙyalle a hannu. Babu irinsa. Na gwada kirarin a hanya ko zan ji dama-dama, sai na ji shi lami a bakina.

Da Oga ya dawo ya ɗaga guntayen ya duba. Na gyara baya ina jiran duka. Sai ya ce, "Tanimu, ɗauki. Kai za ka kai mashi, kai za ka faɗa mashi da bakinka."

Na ce, "Oga, don Allah ka doke ni kawai."

Ya ce, "Sauƙi kake nema."

Na iske Malam Yohanna a makaranta an tashi tara. Na buɗe jaridar a gabansa na ce, "Malam, na ce maka na iya. Ban iya ba." Ya dubi yadin, ya dube ni. Bai zage ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da haka ka faɗa mani rannan, da na san inda na nufa." Da kwat ɗin aro aka ɗaura mashi aure, hannun ya tsaya can sama da agogo. Har yau in na je gidansa hoton na bango, matarsa kuma ba ta taɓa bari in zauna ban kalle shi ba. "Hagu-biyu, zo ka gai da aikinka tukuna."

Ni yadi na ɓata, uwata, an yi dariya an wuce. Ke ba yadi za a miƙo maki ba. Rana na zuwa da babbar ma'aikaciya za ta juyo ta ce, "Kin iya ɗaura ruwan nan? Kin taɓa ɗinke irin wannan?" Kada ki amsa da abin da kika faɗa ma kanki da safe. Ki tambayi hannunki: ya taɓa yi? A gaban wa? Wanda ya iya ya duba ya ce ya yi? In amsar a'a ce, ki ce, "Ban iya ba tukuna, a nuna mani." Za ki ji kunya, wataƙila 'yan ajinku su yi maki kallon ƙasa-ƙasa. Kunyar nan ta ɗan lokaci ce, ba ta kai ta fitowa ki tarar da dangin mace tsaye a baranda suna jiran abin da za ki ce ba. A makarantar allo ma ba ɗalibi ne ke cewa ya haddace ba. Sai ya kife allon ya biya a gaban malam, malam ya ce je ka wanke.

Kin san abin da Oga ya yi da ni bayan nan? Bai mai da ni kan takarda ba. Ya ce takarda ta gama abin da za ta iya mani, har ta fara cutata. Ya ja ni layin 'yan gwanjo, ya zaɓo wani tsohon kwat mai warin kafur, ya ba ni reza. "Farke shi ɗinki-ɗinki, kada ka yanki yadi. Shimfiɗa kowane yanki ka ga yadda yake kallon ɗan'uwansa. Sannan ka mai da shi yadda yake." Na mayar, ya sa a jikinsa, ya ɗaga hannu, hammata ta tattare. "Farke." Na sake. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu. "Farke." Na yi ta yi har yadin ya gaji ya fara yagewa da kansa, ya sayo wani. Damina ta wuce a haka, rani ya shigo. Babu daɗi ko kaɗan, babu abin da ke buɗe ƙirji a ciki. Kullum abin da ake nuna mani shi ne inda ban iya ba.

Ranar da na iya kuwa, ban ma san ta zo ba. Wani ma'aikacin jirgi ya kawo yadi, Oga na cin abinci, ya nuna ni da cokali. Na ninka, na zana, na yanka, duk muna gardamar ƙwallo da mai yadin. Sai da na tattara guntayen na ɗaure sannan na tuna ban ce ma kaina komai ba. Ko kalma. Hannu ya yi abinsa, ni ina can ina musu a kan fanareti.

Shi ya sa nake gaya maki, duk inda kika ji sai kin faɗa ma kanki da ƙarfi cewa kin iya, ki duba wurin da kyau, galibi nan ne da saura. Ba abin kunya ba ne, an nuna maki inda za ki koma ki farke ne. Abin da kika iya da gaske shiru yake zama a jiki. Kin taɓa tsayawa gaban madubi kin ce "na iya Fatiha"?

Oga ya tattara ya koma garinsu shekarun baya, ƙafa ta hana shi taka keke. Shagon yanzu katin waya ake sayarwa a ciki. In na je Sabon Gari sayen zare nakan bi ta wajen, ba don komai ba, sai in ga na rage tafiya. Ban taɓa zaunar da shi na yi mashi godiya yadda ta kamata ba. Ranar da zai tafi ma, hularsa na ɓoye, ana loda kaya yana zagina yana dariya. Ki ga halin babanki.

Akwai wani kuskuren, shi kuma a kanki na yi shi. Shekarar da sakamakon jarrabawarki ya fito kemistiri ya kayar da ke, kika shige ɗaki kika ƙi cin abinci. Me na yi? Na tsaya bakin ƙofa ina maki kirari. Uwata ta fi su duka! Masu duba takardun ne suka manta tabaransu a gida! Na yi ta yi har kika yi dariya kika fito, ni kuwa na ce na gama aikina na uba. Ban tambaye ki ko sau ɗaya ba wane wuri ne ba ki gane ba. Tambayar na ji tsoro, don ko kin faɗa ban san amsa ba. Kika sake zama jarrabawar da ƙarfin zuciyar da na ɗura maki, ya sake kayar da ke a wuri ɗaya.

Rahila ce ta yi abin da ban yi ba. Da kunnena na ji ta a tsakar gida ta ce, "Ummi, ba ki iya wannan ba. Ɗauko tabarma." Har na so in ji haushi, wace ce ita da za ta ce ma 'yata ba ta iya ba? Kullum in ta dawo daga lacca ku baje tsofaffin tambayoyi a gindin gwaiba, ki yi, ta soke da jan biro, ki sake. Akwai ranar da kika yi jifa da littafin ya sauka kan rufin banɗaki, ni na hau na ɗauko. A kan tabarmar nan aka ci jarrabawar, Ummi. Littafin madubi daga baya ta ba ki, kyautar sallama, kuma na tabbata da alheri ta ba ki. Amma sai na ga kin ɗauki ladan tabarma kin ba madubi. Wannan ne ya ci mani rai. Kin yi aikin da guminki, kin manta, kin koma neman ƙarfin zuciya wurin gilashi.

Saboda haka a can ki nemi irin Rahila. Za ki gane ta. Ita ce wadda in kin yi ba daidai ba za ta faɗa, kuma ba za ta tashi ta bar ki ba. Masu ce maki ke gwana ce suna da daɗin zama, ni ne shugabansu, amma kada ki auna kanki da bakinmu.

In kuma rana ta zo da zuciya ta karye, kina neman abin da za ki faɗa ma kanki, ba sai kin ari na littafi ba. Kina da naki, wanda ya faru. Lokacin ciwon Inna na ƙarshe, da ta daina tashi, wa ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo? Ni ɗanta nakan shiga in yi mata barkwanci in fito da sauri, don ba na iya kallo. Ke kike ɗumama ruwa, ki goge ta, ki canza mata zani, ki ba ta kunu cokali-cokali, tana tofarwa kina sake ba ta. Ranar farko kin fito kin yi amai a bayan ɗaki, na gan ki. Kika kurkure baki kika koma. Ba ki ce ke jaruma ce ba, ba ki ce komai ba. Inna da kanta ta ce mani, "Takwarata hannunta ba ya ƙyama." Wannan ki riƙe. Ba ya nufin babu abin da zai gagare ki. Abin da yake nufi, kin taɓa shiga abin da ya fi ƙarfinki, ya juya maki ciki, washegari kika sake shiga. Ba ke kika tsara shi ba, saboda haka babu mai ƙwace maki shi, ko malamar da ta fi kowa tsawa.

Ki kuma riƙe addu'a. Tun ina gaban malam na lura, mai addu'a yana farawa ne da yarda cewa bai isa ba sai an taimake shi, mai kirari kuwa da "ni ne" yake farawa. Wadda ta saba faɗa ma Ubangijinta cewa ta gaza, ba zai yi mata nauyi ta faɗa ma malamarta ba.

Gidan ya yi faɗi, Ummi. Da safe ni nake share shago, kuma ban iya ba, zare na bina har gida a ƙafar wando. Jiya na sa kunamar roba a tiren shinkafar Mamanki, ta ɗauke ta ajiye gefe ta ci gaba da tsinta, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Mai yi maka ihun ba ta nan." In 'yan mata masu aikin jinya a asibitin Shika suka tsaya bakin titi da fararen kayansu suna jiran bas, sai in ga ƙafata ta tsaya a kan keke. Gwaiba ta nuna, ƙannenki sun hana ta sakat. Na ce su bar reshen da ke wajen tagarki, ni kaina ban san wa nake ajiye ma ba, kafin hutu tsuntsaye sun gama da ita.

Ga abin da nake roƙo. In kin sake samun waya, kada ki ba ni "komai daidai". Ki ba ni abu ɗaya da ya gagare ki a makon. Jijiyar da kika kasa samu, faɗan da aka yi maki a gaban mutane, abincin da ya ƙi shiga. Na yi maki alkawari, kuma Mamanki shaida ce, ta ce in na saɓa ita za ta ƙwace wayar: zan yi shiru har ki kai aya. Ba zan yi muryar kowa ba. Ba zan ce kin fi kowa ba. Amsar karatunku ba ni da ita, amma kunne ina da shi. Kuma na san yadda ake tsayawa gaban mutum a ce ban iya ba, na san ba a mutuwa.

Direban da zai kawo maki takardar nan zai ba ki ƙunshi. Fararen kaya ne na aiki. Da tsohon awonki na yanka, na kuma bar yadi a cikin ɗinki ta kowane gefe, don ban san yadda Sakkwato ta yi da ke ba. Ki gwada. In sun matse ki, ki faɗa mani daidai inda suka matse. In sun yi maki yawa don kin rame, wannan ma ki faɗa. Kada ki ce sun yi cif don in ji daɗi. Daga nan za mu fara.

Allah Ya tsare ki fita da shiga. Ya haɗa ki da malamai masu gaskiya da tausayi, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga matan mutane da jariransu. Ya kare ki a hanya, a aji, da ɗakin kwana. Ya kuma dawo mani da ke lafiya, in ji sallamarki a ƙofar shago ina raye. Amin.

Wassalam.

Babanki,
Tanimu Tela.